Uwar Yaron Daji

Doguwa, tsakiyar damina

Barakatu,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ya ruwa, ya yara, ya mai gidan naki da ciwon bayansa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau, sai ƙafar nan tawa da take tashi duk sanda hadari ya haɗo. Masara ta yi kyau bana, ta wajen rafi har ta fi ni tsawo. Malam yana gaishe ku.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san karatun nawa na makarantar manya ne, yadda magana ta zo bakina haka nake dannawa. Kuma sai na hau dutsen bayan firamare kafin saƙo ya tafi. In kin ji shiru ba fushi ba ne, ƙafa ce.

To ya baƙon naku? Ɗan Iya nake nufi, wanda ya zo muku gasar waƙa. Ni ba don komai na tambaya ba, Gwaggonsa Halima ce ta dame ni.

Ranar Asabar Ɗantani mai gidan kallo ya shigo da talabijin ɗinsa mai sola tsakar gidan uwarsa, don mata su ga gasar waƙar nan. Na tsaya daga baya. Aka nuno shi. Barakatu, wa ya yi masa wannan askin? Kuma wai sunansa yanzu Yaron Daji, kamar a Falgore aka tsinto shi cikin birai, ba a ɗaki aka haife shi aka yanka rago ba.

Amma abin da ya tsaya min a rai muryar ce. Bakin nasa ne, muryar ba tasa ba. Yaron da in ya ɗaga murya a gonar rafi har Fulani sai sun tsaya da shanunsu, murya mai kauri da 'yar tsaga a ƙasanta. Wannan kuwa siririya, sumul, tana rawa kamar an sa baki a bututu. Duk yaran da suka fito haka suke, in kin rufe ido ba ki san wa yake yi ba. To alƙalan me suke aunawa? Ko mura yake yi? In ita ce ki dafa masa citta da kanumfari.

Wata ta kira wayar Malam, wai Fiddausi daga gidan talabijin ɗin, za su zo su ɗauki hoton gida. Me zan ce musu?

Yayarki,
Asibi

*

Nyanya, Abuja

Yaya Asibi,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, bayan mai gidan ya yi sauƙi har ya koma shagon walda. Allah ya yaye miki ciwon ƙafar.

Wai Gwaggo ce ta dame ki. To na ji. Ni dai ba ɗan farina ba ne balle in ji kunyar sunansa, zan faɗa har ki toshe kunne: Mujitaba, Mujitaba. Lafiyarsa lau, ba ya mura.

Yanzu ba a gidana yake kwana ba, an haɗa su duka a wani gida, sai jefi-jefi yake leƙo mu. Maganar murya na tambaye shi, ya yi dariya ya ce kin fi alƙalan kunne. Wai duk muryar da ta fito sai ta bi ta cikin inji, injin ya goge ta ya miƙar da ita kafin ta iso kunnen mutane. Waƙoƙin ma ba nasu ba ne, akwai masu rubutawa, a miƙa wa kowa tasa ya haddace. Ya kai musu irin waɗanda yake yi a gona, suka ce da daɗi amma ba za su shiga kasuwa ba. Sunan da askin duk su suka zaɓa.

Alƙalai suna faɗin nasu, jama'a kuma su tura ƙuri'a ta waya. Ki ce wa Ɗantani ya nuna wa matan unguwa yadda ake turawa.

Masu ɗaukar hoto kuma kada ki ji tsoro, kowa ana zuwa gidansu. Ki faɗi gaskiya kawai. Kuma don Allah ki ɗaura atamfar da na aiko miki da Sallah, kada ki kunyata mu.

Ƙanwarki,
Barakatu

*

Doguwa

Barakatu,

Salamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. An yi ruwa har katangar bayan rumbu ta zube, amma ba ta taɓa kowa ba.

Sun zo sun tafi. Fiddausin yarinya ce mai ladabi, 'yar Kano, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni. Na ɗaura atamfar kamar yadda kika ce, sai ta ce Mama kin yi kyau, amma zanen aikin nan ya fi fito da ke. Na canja. Suka kwashe kujerun da muka aro, suka zaunar da ni kan turmi a gindin katangar da ta zube, wai nan haske ya fi.

Ta tambaye ni wa ya raine shi. Na ce Iya, uwar Malam, ita ta ɗauke shi da yaye ta tafi da shi Dangora kamar yadda ake yi, bai dawo wajenmu ba sai da ta rasu, lokacin har ya fara gemu. Ta ce to Mama faɗa mana sunan ɗan naki. Kin san ni. Na ja mayafi na juya wa abin hoton ƙeya, Gwaggo Halima tana ta dariya ita ta faɗa. Ta sake cewa, kina alfahari da shi? A gaban maza fa, har da mai riƙe da sandar nan mai gashi ta ɗaukar murya a kaina. Na ce, ai ba nawa ba ne, na Iya ne.

Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wallahi haka kakarta take yi da babanta, har ta mutu ba ta kira sunansa ba. Sai na saki jiki, na ce ashe 'yar gida ce. Na cika musu leda da dankali da ɗanyar gyaɗa.

Matan unguwa suna ta tura ƙuri'a. Tawa wayar ma Halima ta karɓa ta tura da ita, ban hana ta ba.

Asibi

*

Doguwa

Barakatu,

Ina gaisuwa. Ban san ko kin gani ba. Na san kin gani.

Sun sa kiɗa mai sanyi irin na mutuwa. Suka nuno katangar, suka nuno ni a tsohon zane ina juya baya. Dariyar Halima babu ita. Wani mai babbar murya ya ce wai ga yaron da uwarsa ta ba da shi tun bai iya magana ba, kuma har yau ko sunansa ba ta yarda ta kama. Sai ga muryata, ai ba nawa ba ne. Nan suka yanke. Na Iyan suka bar shi a ƙasa.

A gidan su Ɗantani muka kalla. Uwar Ɗantani ta ce ƙarya kuke 'yan banza, ta tofar da goro. Tsofaffi duk sun san abin da yake. Amma 'yan matan nan masu waya suna ta karanta abin da mutanen duniya suke rubutawa a kaina, wai muguwar uwa, wai Allah ya isa. Ranar kasuwa wata mai manja da ban taɓa gani ba ta leƙa fuskata ta ce, ke ce? Wannan duk bai dame ni ba, Barakatu. Bakin mutane ruwan sama ne, yana ɗaukewa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Bayan muryata suka nuno shi yana kuka. Ba kukan wasa ba ne. Ya sa bayan hannu ya toshe baki, kafaɗa tana rawa. Haka yake yi tun yana ƙarami. Na sani, don duk zuwan da nake Dangora gaida Iya, ina zaune ina kallon ƙasa amma ba abin da yake yi da ban gani ba. Har ranar da ya faɗi a bakin rijiya, Iya ta ɗauke shi, ni na zauna kan hannuwana don kada su miƙe.

Ni na ɗauka ya sani. Wa zai gaya wa ɗa uwarsa tana sonsa? Ai kamar a ce a gaya masa ruwa na jiƙa mutum ne. Haka uwarmu ta yi da Yaya Uzairu, ke shaida ce, kuma ranar da ta rasu shi aka riƙe.

Ki tambayar min shi. Kukan nan na mene ne? Sa shi suka yi, ko ya yarda da abin da mai babbar muryar ya faɗa? Kada ki ce ni na aiko ki.

Asibi

*

Nyanya

Yaya,

Ina miki sannu. Na gani, ranar ko tuwo ban iya tuƙawa ba. Ki yafe min, ni na ce ki saki jiki da su.

Na nemo lambar Fiddausi na wanke ta tas. Ba ta musa ba. Ta ce Anti na san al'adar, amma masu kallo ba su sani ba, kuma ba ni nake yanka hoton ba. Ta ce tun da aka nuna ki ƙuri'un Mujitaba suka ninka. Yaya, ba murya ake gasa da ita a wurin nan ba, tausayi ne. Kin tuna Zubaida, 'yar siririyar nan da ta fi kowa murya? Satin nan aka fitar da ita. Uwarta da ubanta suna raye, suna zaune lafiya, ba ta da abin ba da labari.

Tambayarki ban samu yi ba. Tun da aka rage su kaɗan aka karɓe wayoyinsu, an hana su fita. Na je ƙofar gidan mai gadi ya maido ni.

Ga kuma wata magana, ban so faɗa miki ba amma ba ni da ikon ɓoyewa. Suna so ki zo zagayen kusa da na ƙarshe. Za su fito da ke kan dandamali yana cikin waƙa, ki kira sunansa, ki rungume shi, ki ce ya yafe miki. Fiddausi ta ce in aka yi haka ba wanda zai ja da shi har ƙarshe. In ba ki zo ba kuma, wai labarin ya mutu, ba ta san abin da manyanta za su yi da shi ba.

Ba zan ce ki zo ba, ba zan ce kada ki zo ba. Ki yi shawara da Malam.

Barakatu

*

Doguwa

Barakatu,

Lafiya lau muke, masara ta fara bushewa.

Zan zo. Na gaya wa Malam, ya daɗe yana jan carbi, ya ce ke kika san abin da za ki iya ɗauka. Halima ta ce in na yi haka na amsa laifin da ban yi ba a gaban duniya. Na ce na sani. Yaron nan tun da aka haife shi bai taɓa roƙona komai ba, ni ma ban taɓa ba shi komai a gaban mutane ba. In wannan ne zai sa ya samu abin da ya bar gida dominsa, to kunyar tawa ba ta fi shi ba. Kuma in kukan nan gaskiya ne, ai gafarar ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Jiya na shiga tsakiyar masara inda ba kowa, na gwada faɗin sunan. Ya zo nan maƙogwaro ya tsaya. Zan ci gaba da gwadawa, kafin ranar zai fito.

Ki gaya min motar da zan hau daga Kwanar Dangora. Ki ce wa Fiddausi wannan karon atamfata zan ɗaura, ko ta so ko ta ƙi.

Asibi

*

Yaya,

A gurguje. Mujitaba ya ari wayar mai gadi ya kira ni yanzu, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, Anti ki gaya mata kada ta zo, ko sun aiko mota kada ta hau. Na ce me ya faru, sai aka katse. Na kira ba a ɗauka. Ki dakata tukuna har in ji.

Barakatu

*

Doguwa

Barakatu,

Ina wuni. Kwana biyu.

Saƙonki a Kwanar Dangora ya same ni. Na fito da wuri ne don in kwana wajen dangin Iya, muna sauka waya ta kama, ya shigo. Na karanta, na ba wani ɗan makaranta ya sake karanta min ko ni ce ban iya ba. Na zauna a bencin mai shayi da jakata har ya ce Baba ko an yi rasuwa ne. Na hau motar da ta kawo ni na koma. Duk tsawon dajin Falgore ban ga itace ko ɗaya ba.

To na samu amsata, ba sai kin tambaye shi ba. Ban ga laifinsa ba. Yana ganin iyayen sauran yara suna rungume su suna kiran sunansu, ni kuwa sai da aka kunna fitilar 'yan talabijin zan zo. Ni ma da ni ce zan ce kada ta zo.

Na daina zuwa kallo. In an kunna ina jiyo kiɗan ta kan katanga, sai in ɗauki taɓarya in daka ko ba abin dakawa.

Ki bar aiko min labarinsa. Sai dai in ba shi da lafiya, wannan ki faɗa.

Asibi

*

Nyanya

Yaya Asibi,

Wannan ta wayar Ɗantani na turo, don na ga kin daina hawa dutsen, saƙonnina duk suna nan a tsaye. Ɗantani, don Allah ka kai mata hannu da hannu, kuma ban ce ka karanta ba.

Yaya, kin iya yanke hukunci kafin a kawo shaida. An fitar da Mujitaba, yana ɗakina yanzu haka. Da ya ji abin da suka shirya miki, zuwa ya yi ya same su ya ce in suka hau da uwarsa kan dandamali ta roƙe shi gafara, to a nan zai gaya wa duniya yadda aka yanka maganarta. Suka lallashe shi, suka yi masa barazana, ya ƙi. Satin suka ba shi waƙar da ta fi ƙarfin maƙogwaronsa, ta can sama, kuma shi kaɗai aka rage wa injin. Ya yi ta kokawa da ita. Alƙalan suka ce ya ɓata rawarsa da tsalle. Ƙuri'u kuwa wa ya gani? Abin da suka karanto shi muka ji.

Na ce masa ka san uwarka har Kwanar Dangora ta zo? Ya ɗago ya ce, da gaske za ta yi? Na ce har sunanka take koyo a cikin masara. Ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da la'asar.

Kunyar dawowa yake ji, wai matan unguwa sun yi ta tura ƙuri'a a banza. Na ce ya tattara ya je ya taya ubansa girbi. Yana tafe.

Barakatu

*

Doguwa, bayan girbi

Barakatu,

Salamu alaikum. Ya yara, ya mai gidan? Mun gama girbi, rumbu ya cika har mun ari na Halima. Ƙafa da sauƙi tun da ruwa ya ɗauke. Wasiƙarki Ɗantani ya karanta ta, na gani a idonsa.

Ya zo. Matan unguwa suka cika gidan, wai sun zo sannu da zuwa, alhali so suke su ga ko zan yi irin ta talabijin. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni. Na ce an zo lafiya, ya hanya. Na ce a gaya masa ya je a aske wannan abin da ke kansa kafin Malam ya dawo daga masallaci. Uwar Ɗantani ta ce to ku tashi, an gama fim ɗin.

Ya yi girbi kamar ba shi ne aka shafa wa hoda ba. Da farko ba ya waƙa. Sai ran da ake ɓarar masara a bayan gida na jiyo shi ya fara a hankali, muryar nan dai da tsagarta. Garin saurare na bar miya ta kama.

Wata ranar da hantsi ina tankaɗe a ɗaki, suna zaune da Halima a gindin tagata. Duk faɗin gidan nan, nan suka ga dama. Halima ta ce, kai kukan me ka yi wa duniya? Ya ce Gwaggo, ranar ba maganar Inna suka yi min ba, tambayata suka yi yadda Iya ta rasu, sai suka ɗauke kukan suka liƙa a wani wuri. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Sai ya ƙara da cewa, amma da na ga abin a talabijin, na ji ta ce ba nata ba ne, na san yankawa suka yi, na san al'ada ce, duk da haka sai da na sake yin wani a banɗaki. Wannan ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Halima ta ci gaba da abin da take yi. Ni ma na ci gaba da tankaɗe.

Jiya ya taso zai koma wajenku, ya ce zai riƙa taya mai gidanki walda yana neman inda za su bar shi ya yi waƙarsa da bakinsa. Na ƙulla masa garin masara. Ya miƙo hannu zai karɓa, sai na ɗora a kaina na wuce gaba. Barakatu, na raka shi. Tun daga ƙofar gida, ta gaban masallaci, ta gaban majalisar dattawa, har bakin titi. Ina jin wata tsohuwa tana cewa ɗan fari ne fa. Yana bina a baya.

Sunan bai fito ba, kada ki tambaye ni. Amma da mota ta tsaya ya ce, Inna sai na dawo, ban kalli ƙasa ba. Na ɗaga kai na dube shi sosai, kusa da kusa, na ce Allah ya tsare.

Ashe yana da tabo a gefen girarsa ta hagu. Tsohon tabo ne, ya daɗe da warkewa. Ban san yaushe ya same shi ba, Iya kuma ba ta nan balle in tambaya. In ya iso, ki bari ya huta, sannan ki tambayar min me ya ji masa ciwo. Wannan karon ki ce ni na aiko ki.

Yayarki,
Asibi